Daga RAW zuwa JPEG: tambayoyin da sabbin masu kamara suka fi yi

Na zuba hotuna a kwamfuta sun ƙi buɗewa, sunansu yana ƙarewa da CR2. Kamarar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau, a RAW aka saita ta, wato tana ajiye ɗanyen bayanin da ta ɗauka ba tare da ta gama sarrafa shi ba. Kowane kamfani da nasa nau'in RAW ɗin, Canon CR2 ko CR3, Nikon NEF, Sony ARW, Fujifilm kuma RAF. Adobe ya fito da DNG a 2004 don kowa ya bi tsari ɗaya amma manyan kamfanonin sun riƙe abinsu.

To shi RAW ɗin ba hoto ba ne?

Bai gama zama hoto ba, kamar fim ɗin masu hoto na da ne kafin a kai shi wanki. Sensar kamara, wato farantin da haske ke sauka a kai a cikinta, haske kawai take aunawa, sai aka shimfiɗa mata matatar launi wadda Bryce Bayer na Kodak ya ƙirƙira, rabin ɗigogin sensar (fiksel) kore, kwata ja, kwata shuɗi. Kaga kowane ɗigo launi ɗaya ya sani, sauran biyun sai manhaja ta lissafa daga maƙwabtansa, sannan ta daidaita farin, ta ƙara kaifi, ta rage ƙwarzane. Wannan aikin shi ne juyawar, shi ya sa canza sunan fayil daga CR2 zuwa JPG ba ya yin komai.

In dai JPEG zan ƙare da shi, meye amfanin wahalar?

Nan ne maganar take. JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, ya danganta da kamarar. Wanda yake ɗaukar biki ya san matsalar, ango cikin farar shadda, rana ta take, in ka auna fuskarsa rigar ta ƙone ta zama fari fat aikin wuyan ya ɓace, in ka auna rigar fuskar ta yi duhu. A RAW sau da yawa kana iya dawo da aikin rigar kuma ka ɗaga fuskar ba tare da fatar ta koma toka-toka ba, a JPEG abin da kamara ta zubar ya tafi kenan. Haka fitilun hol masu rina mutane ruwan ɗorawa ko shuɗi, gyaransu a RAW ka ja maɓalli ɗaya ne a manhaja. Amma fa wurin da ya ƙone ƙurmus ko RAW ba ya ceto shi.

Wace manhaja, kuma sai na biya?

Lightroom na kuɗi ne. Canon yana ba da Digital Photo Professional kyauta, Nikon NX Studio, ga darktable da RawTherapee su ma kyauta. Shafukan intanet masu juyawa ni dai ban ba da shawararsu ba, data za su cinye maka kuma hoton amaryar mutane ka ɗora a wurin da ba ka sani ba.

Na buɗe hoton da kyau, can sai launin ya dusashe. Me ya faru?

Na farkon ƙaramin JPEG ne da kamara ta ɓoye cikin fayil ɗin, na biyun shi ne karatun manhajar. Ba abin da ya lalace.

JPEG, TIFF ko PNG?

Na mai biki da Facebook, JPEG a sRGB (tsarin launin da aka saba da shi a intanet), ingancin wajen 90 cikin 100. In za ka ci gaba da gyara a Photoshop ko babban bugu ne na firem, TIFF mai bit 16, wanda ke riƙe matakan haske masu yawa, duk da nauyinsa. PNG barshi ga tambari da zane. Kuma kar ka riƙa gyara JPEG kana sake ajiyewa, duk ajiya sai ya rage wani abu. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi.

Na gama juyawa, in goge RAW ɗin? Wurin ya cika.

Dan Allah kar ka goge. Na san kowanne yana kai megabait 25 zuwa 30 a kamara mai megafiksel 24, to ka zubar da waɗanda suka yi dishi-dishi da wanda aka rufe ido, sauran ka saya musu hard disk na waje. Bayan shekara mai biki zai iya dawowa yana son a buga masa babba, a lokacin daga RAW za ka sake fitarwa.