Guzurin zuwa aiki a Accra: me za a ɗauka ya kai azahar lafiya?

Wanda ke fitowa daga Madina ko Ashaiman, a gefen birnin Accra, da asuba don ya riga cunkoso, ya isa ofis a Ridge ko shago a kasuwar Makola, ba ya da lokacin doguwar hidima a kicin. Ga tambayoyin da irin waɗannan ma'aikata suka fi yi game da abincin rana.

Ga masu waakye ko'ina, me zai sa in wahalar da kaina?

Waakye ba ta da laifi, shinkafa ce da wake. Laifin yana wajen abin da ake jibga mata: taliya, garin rogo, ganda, soyayyen kifi, ga shito, wato soyayyen yaji, mai na kwance a kai. Sitaci uku a kwano ɗaya, shi ya sa ƙarfe biyu na yi sai ka ga mutum yana gyangyaɗi a gaban kwamfuta. Idan girkin gida ne, cokalin mai da na gishiri suna hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na dunƙule da na kifi mai gishiri irin su koobi.

To, yaushe zan yi girkin?

Ranar da kake hutu. Wake ne mai cin lokaci da gas, don haka a dafa shi da yawa, a soya miyar tumatir, a rarraba a ƙananan robobi masu murfi, kowace ta yini ɗaya, a sa a firiza. Da safe saura shinkafa ko doya, waɗanda za su nuna kafin ka gama wanka da shiri.

Zai kai azahar bai lalace ba, da wannan zafin?

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin maki 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, zafin Accra da rana kuwa yana kewayen 30. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi ba zafi. Yanzu lissafa: an kwashe ƙarfe biyar da rabi, an shiga trotro, wato motar haya, an ajiye jaka a ƙarƙashin tebur, ba a buɗe ba sai ƙarfe ɗaya.

Shinkafa ta fi yaudara. Akwai ƙwayar da ake kira Bacillus cereus, wadda dafuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da gubar. Ba lalle ka ji tsami ko wari ba.

Mafita biyu ce. In akwai firji a wurin aikin, da isarka ka sa abincin a ciki, lokacin ci a ɗumama shi har ya yi tururi. In babu, nemi kula mai riƙe zafi sosai. Zuba mata tafasasshen ruwa, rufe na 'yan mintuna, juye ruwan, sannan ka zuba abincin kai tsaye daga wuta, ka cika ta. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Ni ba firji, ba kula. Fa?

Ɗauki abin da ba ya tsoron zafi, ka haɗa lokacin ci. Kenkey, wato dokunun masara, da kifin gwangwani da za ka buɗe a nan take. Garin rogo da gyaɗa. Burodi da fiya, a yanka ta sai an zo ci. Salak mai mayonis dai a bar shi a gida.

Ina ganye a duk wannan?

Giram 400 na ganye da 'ya'yan itace ake so a rana, kuma yawancinmu ko kusa ba ma zuwa. Doya da miyar kontomire, wato ganyen gwaza, tana zama lafiya a kula. Mu 'yan zango kuma muna da kwaɗon zogale: dakakken ƙuli-ƙuli da yaji a ƙulle daban, ganyen daban cikin sanyi, a cakuɗa lokacin ci don kada ya saki ruwa. Gauta, karas da kokwamba wanki kawai suke bukata. Lemu da ayaba kuwa da murfinsu suka zo.

Tuwo fa?

Ana iyawa, amma wanda miyar ayoyo, wato lalo, ta taɓa kifewa a jakarsa ba ya maimaitawa. In dole ne, miya a mazubi mai murfin murɗawa, kuma a daina ƙulla abinci mai zafi a baƙar leda.

Abin sha?

Ruwa. Sobolo, wato zoɓo, na gida ma ya yi, in an rage masa sukari. Lemon kwalba kullum asara biyu ce, tun ma ba da aka ɗora wa kayan sha masu zaƙi harajin kashi 20 cikin 100 a 2023 ba. Burkina kuwa, abin shan nan na gero da nono, madara ce, sai da sanyi.

Idan an ɗauke wuta, abin da na tara fa?

Kada ka buɗe ƙofar. Firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuwa tana iya kai kwana biyu. Robar da ka tarar da sauran ƙanƙara a jikinta, dafa ta ka ci a ranar. Wadda ta narke har ta huce, zubar da ita, ko da nama a ciki.