Amsa laifin kisa a kotun Ghana: ba a cinikin rai

Kwana uku ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanen unguwannin Nima da Mamobi a Accra, wai yanzu ko mutum ya yi kisa, da zarar ya ce wa alƙali "na amsa", 'yan shekaru kaɗan zai yi ya dawo gida. Jiya da safe dattijuwar da ke sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu ta tare ni, ludayi a hannu, idonta jawur. Bara aka kashe ɗan ƙanwarta, wanda ake zargi yana tsare. Ta ce, "Ɗana, ashe jinin yaron nan ya tafi a banza?" Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, ba haka doka ta ce ba."

Gaskiya ne a 2022 majalisa ta yi wa dokar shari'ar laifuka ta 1960 gyara, da doka mai lamba 1079, wadda ta bai wa wanda ake tuhuma damar daidaitawa da masu gabatar da ƙara: ya amsa laifi, a rage masa tuhuma ko hukunci. An yi ta ne don rage cunkoso a kotuna da gidajen yari irin su Nsawam. Amma ita dokar da kanta ta rufe wannan ƙofa ga kisan kai, yunƙurin kisa, fashi, fyaɗe, garkuwa da mutane, cin amanar ƙasa da laifukan zaɓe.

Hukuncin kisan kai kuwa, tun 2023 da majalisa ta amince da ƙudirin Francis-Xavier Sosu, ɗan majalisar Madina, ya koma ɗaurin rai da rai maimakon rataya. Dama rabon da a zartar wa wani hukuncin kisa a ƙasar nan tun 1993. Cin amanar ƙasa ne har yau tsarin mulki ya bar wa hukuncin kisa, kuma laifin da hukuncinsa kisa ne, ko mutum ya amsa da bakinsa kotu ba ta karɓa, sai an kawo shaidu.

To, ina jita-jitar ta samo ƙafa? A ganina daga nan ne. Doka ta raba kisa gida biyu. Akwai wanda aka yi da niyyar ɗauke rai, kamar na mutumin da aka biya kuɗi ya yi wa wani kwanton ɓauna. Akwai kuma wanda rai ya salwanta ba da wannan niyya ba, ko bayan tsokana mai tsanani, misali faɗa ya kaure a tashar mota, aka ture mutum ya bugu da kai. Na biyun ba ya cikin jerin da aka hana daidaitawa a kansa, kuma alƙali ne ke auna shekarun da zai yanke, yana iya kai shi har rai da rai. Sai mutane su ji an kama wane da kisa, daga baya su ji an ba shi shekaru, su ce ai amsawa ya yi aka sassauta masa. Alhali tuhumar ce ta sauka, domin hujja ba ta nuna niyya ba. Kuma ba wanda ake tuhuma ke zaɓar wa kansa ba. Ofishin Antoni Janar ne ke riƙe da ƙarar, kotu kuma tana da ikon ƙin yarjejeniyar da ba ta gamsu da ita ba.

Wasu na kafa hujja da William Ato Essien, wanda ya kafa bankin Capital, da ya amsa laifin satar kuɗin bankin a 2022 bisa alƙawarin mayar da sidi miliyan 90. Wannan shari'ar dukiya ce, a ƙarƙashin wata doka daban, kuma da ya kasa cika alƙawari shekara 15 aka yanke masa a 2023.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaranmu na zango. Saurayi ya daɗe a tsare, ba lauya, Turancin kotu ba ya shiga kunnensa, wani a ɗakin tsare ya raɗa masa cewa ya amsa kawai a sallame shi. In fashi ne, mafi ƙaranci shekara 10, in da makami 15, alƙali ba shi da ikon saukowa ƙasa da haka ko yaron ya yi kukan jini. Mai hali lauyansa zai fassara masa kowace kalma kafin ya buɗe baki. Wanda ba shi da hali, danginsa su nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a tun kafin ranar da za a karanta masa tuhuma.