Marisa da Danginta a Sudan

Marisa giya ce ta gargajiya da ake yi da dawa a Sudan, musamman a Darfur da Kordofan da Duwatsun Nuba. Bahaushen da ya san burukutu zai gane ta da gani ɗaya: mai kauri ce, ga tsami, kuma ba ta kwana biyu ba ta lalace ba. Mata ne ke dafa ta, gidan da ake sayar da ita kuwa sunansa "indaya".

Aikinta na ɗaukar kwanaki. Ana kwaɓa garin dawa a bar shi ya yi tsami. Wani kaso a toya shi a kasko har ya yi duhu, daga nan launi da ƙamshin ƙauri suke fitowa, wani kason kuma a tuƙa shi fari. Sai a zuba garin tsiron dawa, wanda Larabawan Sudan ke kira "zirri'a", a bari ya tashi, a tace da ƙyalle. Masanin Sudan Hamid Dirar ya bi waɗannan matakai dalla-dalla a littafinsa na 1993 kan abincin da ake tsimawa a ƙasar.

Wannan tsiron dai shi ne tushen hilu-mur, abin buɗa-baki da kusan kowane gida ke sha da azumi, har da gidajen Hausawan Mai Wurno da Gadarif da Kassala. Ma'anar sunan zaƙi da ɗaci. Nan ne ake baje kolin kayan ƙamshi: citta, kirfa, hulba, habbatus sauda, tsamiya, zoborodo da suke kira karkade, kowace uwargida da nata ma'auni. Tun watan Sha'aban maƙwabta ke taruwa a tsakar gida, a ɗora faffaɗan kaskon ƙarfe a wuta, a shimfiɗa ƙullun da ɗan guntun reshen dabino, a naɗe shi in ya gasu, a shanya. Ƙamshinsa kan cika unguwa. Ranar sha sai a jiƙa, a tace, a sa sukari. Ba ya bugarwa, domin wutar kasko ta tsayar da tsimuwar.

Tsakanin marisa da hilu-mur akwai sharbot, na dabino da citta da kirfa, wanda ake sha da Babbar Sallah bayan an ƙoshi da nama. In aka sha shi da wuri zaƙi ne kawai, in ya daɗe a tulu kuwa sai ya juya, shi ya sa malamai da jama'a ba su rabu da gardama a kansa ba. Aragi kuwa babu gardama, barasa ce mai ƙarfi da ake turarawa daga dabino.

A watan Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya ƙaddamar da dokokin shari'a, aka haramta giya, aka tuttular da ita a Kogin Nilu a Khartum. Marisa ta koma ɓoye, mata masu dafa ta, waɗanda da yawansu yaƙi ne ya koro su birni, suka riƙa shan kame da tara da bulala. A watan Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, haramcin kuma ya ci gaba a kan Musulmi.