Waiwaye: Makullin wasannin bidiyo, daga kaset zuwa intanet

Duk wanda ya taɓa shiga shagon wasan bidiyo a Maraɗi, inda samari ke jeruwa a kan benci suna jiran layin buga ƙwallo a gaban talabijin, ya san cewa da yawa daga faya-fayan PlayStation 2 da aka sha bugawa kwafi ne, kuma na'urar ba ta karɓe su ba sai da mai gyara ya buɗe cikinta ya liƙa mata wani guntu da dalma. Abin da mai gyaran ya karya shi ne makullin haƙƙin mallaka, wanda ake kira DRM a taƙaice, kuma tarihinsa a akwatin wasa irin su PlayStation ya sha bamban da tarihinsa a kwamfuta.

A akwatin wasa, makullin a jikin ƙarfe ya fara. Bayan kasuwar wasanni ta durƙushe a Amurka a 1983, kamfanin Nintendo ya kai na'urarsa NES can a 1985 ɗauke da wani guntu mai suna 10NES, wanda ke tantance kaset kafin wasa ya tashi, domin kada kowa ya sayar da wasa ba da izinin kamfanin ba. Sony ya bi sahu a 1994 da PlayStation, inda ya ɓoye wata alama a jikin faifai wadda na'urar kwafi ta gida ba ta iya bugawa, alamar kuma ta raba duniya zuwa yankin Japan da na Amurka da na Turai. Makulli ne mai tsauri, amma ya bar wa mai saye abu guda mai daraja: faifan asali nasa ne, ya ba da aro ko ya sayar, shi ya sa faifan gwanjo ke iya ratsa hannu biyar kafin ya iso kasuwarmu ta hanyar Kano da Jibiya.

Kwamfuta kuwa ba ta da ubangida ɗaya, don haka kowane kamfani ya ƙera nasa kwaɗon. A shekarun 1980 wasa kan tsaya ya nemi kalmar da ke wani shafi na littafin da aka sayar da shi tare, daga baya aka koma lambobin sirri, sannan manhajojin hana kwafi irin su SecuROM. A 2008 wasan Spore ya zo da sharaɗin cewa sau uku kawai za a girka shi, a 2010 kuma kamfanin Ubisoft ya wajabta wa masu Assassin's Creed II a kwamfuta su kasance kan intanet muddin suna wasa, ko da mutum shi kaɗai yake bugawa. A nan ne, a ganina, lissafin ya karkace, domin wanda ya biya kuɗinsa shi ke shan wahala, mai kwafin da aka fasa kuwa yana wasansa hankali kwance. Kamfanin Valve ya fi su dabara: ya buɗe Steam, dandalinsa na wasanni a intanet, a 2003, ya ɗaure kowane wasa da asusun mai shi, ya riƙa karya farashi har mutane suka saba, duk da cewa wasan da ke asusu ba ya sayuwa ga wani. Wani makullin mai suna Denuvo, wanda ya bayyana a 2014 a cikin wasan FIFA 15, ya ƙara matse wuya, yayin da kantin GOG na ƙasar Poland ke sayar da wasanni ba makulli tun 2008.

Hanyoyin biyu, ta akwatin wasa da ta kwamfuta, sun fara haɗuwa a 2013, lokacin da Microsoft ya sanar cewa akwatin wasansa Xbox One zai riƙa neman intanet sau ɗaya a kowane awa 24, tare da taƙaita sayar da tsofaffin faya-fayai. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya janye a watan Yuni na shekarar. Sai dai abin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, domin a 2020 Sony da Microsoft duk sun fitar da na'urori marasa gurbin faifai. A 2024 Ubisoft ya rufe cibiyar intanet da wasan The Crew ya dogara da ita, wasan ya mutu a hannun kowa, har da masu faifan asali. A watan Mayun shekarar kuma Sony ya nemi tilasta wa masu buga Helldivers 2 a kwamfuta buɗe asusun PlayStation, alhali ƙasashe da yawa, har da Nijar, ba su cikin jerin waɗanda aka yarje wa buɗe shi. Cikin ƴan kwanaki ya janye.

Ga mai shago a Maraɗi wannan magana ce ta abinci. Sabuwar na'ura na neman asusu, da katin biya, da data mai yawa don sauke sabuntawa kafin yaro ya taɓa madanni. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, tsohuwar PlayStation 2 ba ta nemi komai ba sai janareto da litar mai, kuma ba ta tambayi mai ita a wace ƙasa yake zaune ba.