Zayyana daban, zanen lura daban

Kwanan nan kalmar "zayyana" ta cika mini kunne. Ɗan siyasa ya zayyana ayyukansa a rediyo, mai sharhi ya zayyana matsalolin ƙasa, ga kuma matasan da ke yawo da ɗan littafi suna zana abin da suka gani a hanya, su ma sun laƙaba masa "littafin zayyana". Na 'yan siyasa na bar su da halinsu. Na matasan ne ya tsaya mini a rai.

Daga Larabci muka aro kalmar, tushenta ɗaya da sunan Zinatu, wato ado. Duk wanda ya taɓa halartar saukar Alƙur'ani ya ga allon zayyana, launuka sun kewaye Fatiha da farkon Baƙara, kowane layi a muhallinsa. Mai zayyana ya san abin da zai fito tun kafin ya tsoma alƙalami a tawada. Ƙawatawa ce aikinsa, kuma aiki ne na gwanaye.

Shi kuwa littafin da ake nufi, mai shi yana zane ne don bai gama sanin abin ba tukuna. Ku dubi Leonardo da Vinci, mutumin Italiya da ya rayu daga 1452 zuwa 1519. Dubban shafukan littattafansa sun tsira, cike da zanen ruwa mai juyi, fukafukan tsuntsaye da jijiyoyin hannu, ga rubutu a gefe daga dama zuwa hagu, sai da madubi ake karanta shi cikin sauƙi. A wani shafi ya rubuta wa kansa tuni cewa ya bayyana yadda harshen tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace yake. Wa ya aike shi? Ba kowa. Amma tambayar tana da nama, domin tushen harshen wannan tsuntsu yakan zagaya ta bayan ƙoƙon kansa. A 1994 Bill Gates ya sayi ɗaya daga cikin littattafan, mai shafi 72, a kan sama da dala miliyan 30, alhali rubutu ya fi zane yawa a cikinsa.

Abin da ke ba ni haushi da sunan "zayyana" shi ne yana korar mutane. Da zarar an ce ado, sai ka ji wani ya ce ai shi bai iya zane ba, ya ajiye fensir. Ni "zanen lura" nake kiransa, kuma ko ya fito kamar tonon kaza ba laifi, muddin an rubuta rana, wuri da tambaya a gefensa.

Gwada zana ƙafar akuyar gidanku ta baya. Gaɓar nan da ka ɗauka gwiwa ce ta lanƙwashe baya, diddige ce. Gwiwar tana can sama kusa da ciki, kuma akuyar a kan yatsunta take tafiya.