Tallata Haja a Harkar Kasuwanci

Tallata haja ɗaya ne daga manyan ayyukan da kowace harkar kasuwanci ta ginu a kansu, tare da samar da kaya, kula da kuɗi da kula da ma'aikata. Aikinsa shi ne gano abin da mai saye yake buƙata, sannan a kai masa a farashin da zai iya biya. Sauran sassan kashe kuɗi suke yi ko lissafa su, amma kuɗin ciniki ta wannan ƙofa suke shigowa. A 1954 masanin gudanarwa Peter Drucker ya rubuta cewa ginshiƙan kasuwanci biyu ne kacal: tallatawa da ƙirƙira.

A 1960 wani malamin jami'a a Amurka, E. Jerome McCarthy, ya kasa aikin gida huɗu: kayan kansu, farashi, hanyar rarrabawa da yayatawa. Jama'a sun fi ganin na huɗun, wato sanarwar rediyo, allunan bakin titi da hotunan WhatsApp, alhali shi ne ke zuwa a ƙarshe. Yawancin aikin ana gama shi tun kafin kaya su fito.

Cinikin irin shuka a Zariya ya nuna haka. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana fitar da ingantattun irin masara masu suna SAMMAZ, kamfanonin iri kuma su ninka su don sayarwa. To amma manomi ba ya sakin irin da ya gada don ya ji sanarwa. Sai an yi gonar gwaji a inda zai gani da idonsa, an zuba irin a ƙananan leda daidai aljihunsa, an kuma kai shi shagunan ƙauye kafin ruwan shuka. Irin da ya iso bayan an gama shuka kwantai zai yi, komai kyansa.

Ƙananan sana'o'i ma ba su fita daga wannan tsari ba, sai dai mutum ɗaya ne ke riƙe da dukkan sassan. Mai ɗinkin babbar riga a cikin birni yana tanadin zare da shadda ne da lissafin Sallah, ɗan tireda a Samaru kuwa yana rage sari idan ɗalibai sun tafi hutu. Dillali, da ke haɗa mai kaya da mai saye ya karɓi la'ada, jigo ne a rarrabawa tun da daɗewa.

A manyan kamfanoni akan sami saɓani tsakanin sassan. Masu tallatawa su so a rage farashi ko a ba 'yan sari bashi, masu kula da kuɗi su ƙi. Masu tallatawa su yi alkawarin kaya, masana'anta ta kasa cikawa a kan lokaci. Sasanta wannan aikin shugabannin kamfani ne.

A Nijeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke sa ido kan tallace-tallacen da ake yaɗawa.