Warin ruɓaɓɓen ƙwai a rami: daga rijiyar mai zuwa sokawen gidanmu

Duk inda ake haƙo ɗanyen mai, a Neja Delta ne ko a Agadem ta Jamhuriyar Nijar, man ba ya fitowa shi kaɗai. Ruwa mai gishiri ne ke biyo shi, a tsofaffin rijiyoyi ma ruwan yakan fi man yawa. Cikin wannan ruwa akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda iska ba ta shiga. Suna cin sinadarin salfet, suna fitar da wata iskar guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda masana ke kira haidurojin salfaid. Tana cinye bututun ƙarfe, tana kuma kashe mutum. Shi ya sa kamfanonin mai ke zuba wa ruwan magungunan kashe ƙwayoyin irin su kulorin da gulutaraldehaid, ma'aikatansu kuma ba sa kusantar tanki sai da na'urar da ke yin ƙara idan ta shinshino gubar.

Ba a haƙo mai a Sakkwato, amma ƙwayoyin nan suna nan tare da mu: a sokawe, a masai, a tsohuwar rijiyar da aka rufe, a kwatar da ruwa ya daɗe yana kwance. Mu kuwa ba mu da na'ura, sai hanci.

Hancin ne ke yaudarar mutane, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Idan gubar ta yi yawa, takan kashe jin wari, sai mai yasar rijiya ya ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta fi ƙarfi. Ta fi iska nauyi, don haka can ƙasan rami take taruwa. Mutum ya shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi.

Don Allah, masu gida da masu kwashe masai, a buɗe rami a bar shi ya sha iska sosai kafin aiki. Kada a zura fitila ko ashana don gwaji, iskar tana kama wuta. Kada kowa ya sauka sai da igiya a ƙugu da mutane a sama riƙe da ita. Wanda ya sume, a jawo shi da igiyar, a shimfiɗe shi a fili, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo yana cewa lafiyarsa lau.